Madannai uku sun mutu, ɗaya yana aiki a juye, fitilu sun ƙi kamawa

Mai Akwatin Wasa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Ina neman taimakon waɗanda suka san kan wayoyin lantarki. Wata huɗu ke nan ina haɗa akwatin wasa irin na gidajen gem na da, wanda mutum biyu ke tsayawa a gabansa, kowa da sandarsa da madannansa. Kafinta ya yi mini gangar jikin da katako, na saka tsohuwar fuskar kwamfuta mai inci 19, a ciki kuma akwai ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi 3 ɗauke da RetroPie, manhajar kunna tsofaffin wasanni. Kowane ɗan wasa yana da madannai shida na wasa, da na farawa, da na jefa kwabo, wato takwas-takwas, kuma kowane ɓangare yana da nasa ƙaramin fanel na USB mai kai saƙon madannai ga kwamfutar, irin wanda ake kira Zero Delay. Madannan manya ne masu ƙwan LED a ciki, waɗanda ake maƙala wa ƙaramin makunni mai ƙafa uku a gindi.

Abubuwa uku ne suka hana ni barci. Madanni na biyu na ɗan wasa na ɗaya yana aiki a juye: na'ura tana ganin an danne shi alhali ba wanda ya taɓa shi, idan kuma na danna sai ta ga an sake shi. A ɓangaren ɗan wasa na biyu, madannai uku na layin ƙasa ba sa motsi ko kaɗan, amma ukun sama da na farawa da na kwabo lafiyarsu ƙalau. Sannan fitilun ɓangare na ɗaya duk suna kamawa, na ɓangare na biyu kuwa ko ɗaya bai taɓa yin haske ba.

Akwai abin da na yi da hannuna wanda ya kamata ku sani. Fanel ɗin biyu a gefen hagu na ɗaure su, saboda haka wayoyin da suka zo da su ba su kai ga ɓangare na biyu ba. Da na juya fanel na duba bayansa, sai na ga ƙafa ɗaya ta kowane soket a haɗe take da ta sauran, don haka na ɗauko waya ɗaya daga nan na zaga da ita daga madanni zuwa madanni kamar sarƙa, ɗaya ƙafar kuma na ƙara wa kowanne tsawo. A kan wannan sarƙa na ɗaura negetif na fitilun ɓangaren, fozitif ɗinsu kuma na ɗauko shi daga jan soket mai bolt 5 da ke jikin fanel. Ɓangare na ɗaya ban taɓa wayoyinsa ba, yadda suka zo na saka su.

Ɗalibin Lantarki:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. A ganina fanel na ɓangare na biyu ne ya ƙone, domin a nan matsaloli biyu cikin uku suka taru, kuma irin waɗannan fanel ba su da tsada. Da ni ne, sai in sayi sabo in huta. Fitilun kuwa ka juya ƙafafunsu, domin ƙwan LED ba ya kamawa idan aka sa masa wuta a baibai.

Tsohon Mai Gyaran Rediyo:
Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Yaro, kada ka sayi komai tukuna. Na shafe shekaru masu yawa a bakin tebur ina gyaran rediyo da talabijin, kuma abin da ya fi cin kuɗin masu koyo shi ne sauya kayan da ba a gwada ba. Matsalolinka uku ne masu asali daban-daban, haɗuwarsu a akwati ɗaya ce ta sa kake ganin kamar cuta ɗaya ce.

Ta farko ita ce mafi sauƙi. Ciro makunnin madanni na biyu ka kai shi wurin haske, za ka ga an rubuta haruffa a jikinsa kusa da kowace ƙafa: COM, NO da NC. Ƙafar COM ita ce ta gama-gari, galibi tana zaune ita kaɗai a ƙasan makunnin. NO tana nufin hanyar a buɗe take har sai an danna, NC kuma tana nufin a rufe take har sai an danna. Abin da madannin wasa ke bukata shi ne COM da NO, ita NC ana barinta tsirara ba a sa mata komai. Alamar da ka bayyana, wato a danne ba tare da an taɓa ba, a sake idan an danna, ba ta da wata fassara illa ka sa waya a kan NC. Ƙafafun biyu a jere suke a bayan makunnin, kuma a cikin duhun akwati mutum ba ya bambance su da ido.

Ta biyu kuma ka lura da abin da kai da kanka ka faɗa: waɗanda suka mutu ukun a jere suke. Idan fanel ya ƙone, ba ya zaɓar maƙwabta uku a layi ɗaya a kan katako, domin shi bai san inda ka huda ramukanka ba. Wanda ya san wannan jeri shi ne wayar da ka zaga da ita. Ka gaya mana, daga ina sarƙar ta fara, kuma ina ta ƙare?

Mai Akwatin Wasa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na ciro makunnin, kuma kamar yadda ka faɗa, wayar tana kan NC. Na mayar da ita kan NO, madannin ya dawo daidai nan take. Sarƙar kuwa daga fanel ta fara zuwa madannin kwabo, sai na farawa, sai ukun sama daga dama zuwa hagu, sannan ta sauko layin ƙasa ta ƙare a can. Ke nan ukun da suka mutu su ne na ƙarshe. Amma na duba wayar da ido sau da yawa, ban ga inda ta katse ba, kowace hula, wato ɗan ƙarfen da ake matsewa a bakin waya a soka a ƙafar makunni, tana zaune a kan ƙafarta.

Malamar Fasaha:
Salamu alaikum. Na goyi bayan Baba, sai dai ina son a kawar da shakkar da ɗalibinmu ya kawo ta hanyar gwaji, domin yana da kyau kowa ya ga dalili da idonsa. Saƙon dannawa yana bi ta wurare huɗu kafin ya bayyana a wasa: makunni, waya, fanel, sannan manhaja. Idan mutum yana gwaji a cikin wasa, duk huɗun yake gwadawa a lokaci guda, shi ya sa ba ya gane wanda ya gaza.

Malam, ka sa allon rubutu, wato kibod, a jikin Raspberry Pi, ka danna F4 ka fita daga EmulationStation, wato shafin zaɓen wasanni na RetroPie, sannan ka rubuta jstest /dev/input/js0, ko js1 idan ɗaya fanel ɗin ya bayyana. Za ka ga jerin lambobin madannai, kowanne da kalmar da ke nuna a kunne yake ko a kashe, kuma suna sauyawa a lokacin da kake dannawa. Wanda ke amfani da Windows zai sami irin wannan idan ya buɗe joy.cpl. Daga nan ka zare wayar ɗaya daga cikin matattun madannan daga kan fanel, ka ɗauki ƙaramin sukundireba ka haɗa ƙafafu biyun wannan soket da bakinsa. Idan lambar ta sauya a fuskar kwamfuta, fanel da manhaja sun fita daga zargi. Ka kula ƙwarai kada bakin sukundireba ya shiga jan soket mai bolt 5, domin shi ba na madanni ba ne, fozitif da negetif ne na gaske a cikinsa.

Bayan haka ka zare USB gaba ɗaya, domin ba a gwajin haɗuwar waya da wuta a jiki. Ka juya mitar awon lantarki zuwa wurin da take yin ƙara idan tsinkayenta biyu sun haɗu, ka ɗora tsinke ɗaya a kan ƙafar COM ta madannin kwabo, ɗayan kuma ka bi da shi ƙafar COM ta kowane madanni bi da bi. Ƙarfen ƙafar makunnin za ka taɓa, ba hular wayar ba. Inda ƙarar ta ɗauke, tsakanin wannan madanni da wanda ya gabace shi matsalar take.

Mai Akwatin Wasa:
Malama, na gode. Na aro mita a wurin wani maƙwabcina mai gyaran wayar salula, na bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Da sukundireba duk soket ukun sun amsa, ke nan fanel ɗin lafiyarsa ƙalau. Da mita kuma na sami ƙara a kan madannai biyar na farko, da na sauko na farko a layin ƙasa sai shiru. Na zare hular da ke kan madanni na ƙarshe a layin sama, wadda wayoyi biyu suka shiga cikinta, mai shigowa da mai fita. Da na ɗan ja mai fitar sai ta zame a hannuna, kuma na ga ban feɗe robarta yadda ya kamata ba. Filaya ta matse hular a kan roba, jan ƙarfen ko taɓa hular bai yi ba. Daga waje kuwa ba yadda za a yi ido ya gane. Na sake feɗewa na sa sabuwar hula, yanzu madannai goma sha shida duk suna amsawa.

Tsohon Mai Gyaran Rediyo:
Alhamdu lillahi. To yanzu ga shawarata, kuma na san ba kowa zai yarda ba. Ka cire waɗannan huluna gaba ɗaya, ka ɗauki ƙarfen dalma ka liƙe kowace waya a kan ƙafarta. Akwatin wasa ba rediyon da ake ajiyewa a kan kanta ba ne, duka yake sha daga safe har dare, musamman idan yara suka samu wasan faɗa. Hular da aka matse da filaya yau ta kama, bayan wata biyu ta saki, kuma irin wannan matsala mai zuwa da komawa ta fi wadda ta mutu gaba ɗaya wahalar ganowa. Ga kuma ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, da danshin damina da ke sa ƙarfe ya yi tsatsa. Dalma idan ta kama da kyau ba ruwanta da wannan duka.

Malamar Fasaha:
Baba, da girmamawa, a nan ban bi bayanka ba. Makunni abu ne mai ƙarewa, kuma madannin da aka fi duka shi zai riga sauran mutuwa. An yi masa ƙafafu masu faɗi ne domin a zare hula a sa sabo cikin minti ɗaya ba tare da an kunna ƙarfen dalma a cikin akwatin katako ba. Sannan jikin makunnin roba ne, mai koyo idan ya daɗe da ƙarfe mai zafi a kan ƙafar sai robar ta yi laushi, ƙafar ta gusa daga mazauninta, makunnin ya fara ƙin amsawa. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: dalma tana bin siraran zaren waya ta hau sama kaɗan ta sandarar da su, kuma daidai inda sandarewar ta ƙare nan waya ke karyewa idan tana yawan girgiza.

Abin da ya faru da Malam ba laifin hula ba ne, matsewar ce ba ta yi ba. Hula tana da girma iri-iri kuma dole ta dace da ƙafar. Madannan Japan irin na Sanwa ƙafarsu milimita 2.8 ce, makunnan da ake sa wa manyan madannai irin na Amurka galibi milimita 4.8 ne, ƙafafun gidan fitila kuma sau da yawa milimita 6.3. Idan aka ɗora hular 6.3 a kan ƙafar 4.8 za ta shiga, har ta yi aiki a ranar farko, amma rawa take yi. A feɗe roba kimanin milimita 6, a matse da abin matse hula na ainihi, sannan a ja kowace waya da hannu kafin a sa ta. Wadda za ta zame gara ta zame a kan tebur.

Tsohon Mai Gyaran Rediyo:
Malama, maganarki a kan sauya makunni gaskiya ce, ban musa ba. Amma abin matse hula na ainihi da kike faɗa, mutum nawa ne cikin masu koyo suke da shi? Filaya ce a hannun kowa, ita kuwa baje hula take yi ba naɗe ta ba. Inda zan sassauta shi ne nan: ya bar hula a kan ƙafar makunni yadda za a iya zarewa, amma inda ya ƙara wa waya tsawo, wato waya da waya, ya murɗe ya liƙe da dalma ya rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, kada ya bar shi da salatif, domin zafin cikin akwati yana narkar da gam ɗinsa. Kuma tunda sarƙa ya zaɓa, ya ɗauko waya daga madanni na ƙarshe ya mayar da ita inda sarƙar ta faro, ta zama zobe. Idan zobe ya katse a wuri ɗaya, kowane madanni yana da sauran hanya ta ɗaya gefen, ba za a sake samun uku sun mutu tare ba. Ya kuma ɗaure wayoyin a jikin katako, yadda nauyinsu ba zai rataya a kan huluna ba duk lokacin da aka ɗaga murfin.

Malamar Fasaha:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, Baba. Zoben shawara ce mai kyau.

Ɗalibin Lantarki:
Na karɓi gyara a kan fanel. Amma a kan fitilu ina nan a kan bakana. Ko dai an juya ƙafafunsu, ko kuma ƙwayayen na bolt 12 ne aka ba su bolt 5, domin ana sayar da iri biyun kuma kamanninsu ɗaya.

Mai Akwatin Wasa:
Ɗan'uwa, na gwada duka biyun. Na juya ƙafafun fitilu biyu, ba haske. Na ciro ƙwai ɗaya daga ɓangare na biyu na sa shi a gidan na ɓangare na ɗaya, ya kama tar. Dukansu a leda ɗaya suka zo, kuma an rubuta bolt 5 a jikinsu. Da na gyara sarƙar na yi tsammanin fitilun za su taso tare da madannan, amma har yanzu duhu.

Malamar Fasaha:
Ko da na bolt 12 ne, da bolt 5 galibi za su yi ɗan haske dishi-dishi, ba za su yi duhu gaba ɗaya ba. Tun saƙonka na farko akwai jimlar da ta tsaya mini, inda ka ce ka ga ƙafa ɗaya ta kowane soket a haɗe da ta sauran, sai ka ɗaura negetif na fitilu a kanta. Ka ga haɗuwa, ka ɗauka negetif ce, amma ba ka auna ba. Da yawa daga cikin fanel ɗin Zero Delay wayar gama-garinsu fozitif ce mai bolt 5, ba negetif ba. Idan naka irin wannan ne, to ka ba kowace fitila bolt 5 a ƙafa ɗaya da bolt 5 a ɗaya ƙafar. Wuta ba ta gudana sai da bambanci tsakanin gefe biyu, kamar yadda ruwa ba ya gudu a kwatar da ba ta da gangara, shi ya sa juya ƙafafu bai canza komai ba.

Ɗalibin Lantarki:
Malama, wannan ya saɓa wa duk abin da na karanta. Tsarin haɗa wayoyin akwatin wasa mai suna JAMMA da kamfanonin Japan suka fitar a 1985, mai ƙafafu 56, wanda akwatunan gidajen gem suka bi shekara da shekaru, a kan negetif na gama-gari aka gina shi. Kowace ƙafar madanni tana zaune da wuta a kanta, makunni yana jan ta ƙasa idan an danna, daga nan na'ura ta gane. Ko lokacin da Capcom ta fitar da Street Fighter II a 1991 mai madannai shida, alhali JAMMA uku ya tanadar wa kowane ɗan wasa, ƙarin wayoyin da aka yi wa madannan shuri su ma ƙasa suke ja. Me zai sa wani ya zo ya juya abin da kowa ya saba da shi?

Malamar Fasaha:
Duk abin da ka faɗa game da JAMMA daidai ne, kuma shi ne dalilin da ya sa mutane da yawa ke faɗawa wannan rami, domin kusan duk bayanin haɗa akwatin wasa da za ka samu a kan wancan tsari aka rubuta shi. Sai dai wannan fanel ba na JAMMA ba ne. An yi shi ne a kan kowane madanni ya zo da wayoyinsa biyu a soket ɗinsa, wanda ya bi haka ba ya bukatar sanin wace ce wace, kamar yadda ɓangare na ɗaya na Malam ke aiki ba tare da ya sani ba. Kuma ban ce dukansu haka suke ba, akwai masu negetif na gama-gari, sunan ɗaya ne amma ƙirar ta bambanta. Ba sai mun yi ta ja ba. Malam, ka mayar da USB, ka juya mita zuwa awon bolt na wutar batir, ka ɗora baƙin tsinke a kan ƙafar negetif ta jan soket, jan tsinke kuma a kan sarƙarka. Idan sarƙar negetif ce za ka ga sifili.

Mai Akwatin Wasa:
Na auna sau uku. Mita tana nuna 4.9 a kan sarƙar. Na kuma auna tsakanin sarƙar da fozitif na fitilu, sifili ta nuna. Malama ta gano bakin zaren.

Ɗalibin Lantarki:
Na sallama, Malama, kuma na ƙaru. Abin da ya rage mini shi ne, ta yaya madannan suka yi aiki a kan wannan sarƙa tun farko?

Malamar Fasaha:
Makunni ba shi da gaba ba shi da baya, ƙarfe biyu ne ke haɗuwa. A wannan fanel ƙafar kowane madanni tana zaune a ƙasa, dannawa ce ke kai mata bolt 5, wato akasin JAMMA, amma aikin makunnin bai canza ba. Sarƙar Malam daidai take ga madannai, fitilu ne kawai ba wurinsu ba ne. Gyaran shi ne ya cire negetif na fitilu takwas daga kan sarƙar, ya yi musu tasu wayar daban zuwa ƙafar negetif ta jan soket. Ina kuma roƙonsa ya sauya launin wayar sarƙar, ko aƙalla ya ɗaura mata takarda ya rubuta bolt 5, domin duk wanda ya buɗe akwatin nan gaba zai ɗauka negetif ce. Ranar da aka haɗa ta da negetif na gaske, ko da na amfilifaya ko ƙarfen jikin wata na'ura, wutar USB ce za ta yi shot kai tsaye.

Akwai lissafin wuta kuma. Ƙwan LED ɗaya yana jan kimanin miliamfiya 20, goma sha shida sun kai wajen 320, kuma duk daga Raspberry Pi suke fitowa. Pi 3 yana son caja mai amfiya 2.5, idan wutar ta yi ƙasa da kimanin bolt 4.63 yakan nuna alamar walƙiya a kusurwar fuska. Idan ka ga wannan alama bayan fitilun sun kama, ka ba su tasu cajar daban, kuma a lokacin kada wayoyinsu su taɓa fanel ko ta ina.

Mai Shagon Gem:
Salamu alaikum jama'a. Na bi muhawarar tun daga farko. Ni a nawa akwatin I-PAC 2 na kamfanin Ultimarc da ke Ingila na sa. Fanel ɗaya ne yake ɗaukar 'yan wasa biyu, negetif ne gama-garinsa, wayoyi da sukurori ake ɗaure su, kuma kwamfuta tana ganinsa a matsayin allon rubutu mai maɓallan da MAME, manhajar kunna wasannin gidajen gem, ta saba da su, 1 da 2 na farawa, 5 da 6 na kwabo. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma sai an yi odarsa. Wanda ba ya son kashe kuɗi yana iya zubar da fanel gaba ɗaya ya kai wayoyin madannai kan ƙafafun GPIO, wato jerin ƙafafun haɗa wayoyi da ke jikin Pi ɗin kansa.

Tsohon Mai Gyaran Rediyo:
Malam mai shago, abin da ka ambata yana da kyau ga wanda zai fara sabon aiki, amma yaron nan kayansa lafiya suke, an tabbatar da mita, ban ga dalilin sauya su ba. Maganar GPIO kuwa a yi hattara da ita a wannan akwati musamman. Ƙafafun nan bolt 3.3 suke ɗauka, ba sa jure bolt 5. Idan ya bar sarƙarsa a jikin fanel yadda take ya kai ɗaya wayar kan Pi, dannawa ɗaya tana iya kashe ƙafar ko ma na'urar baki ɗaya.

Mai Akwatin Wasa:
Zan tsaya a kan abin da nake da shi, Baba. Jiya da dare na yi wa fitilun wayarsu daban, takwas ɗin duk sun kama, kuma alamar walƙiya ba ta fito ba. Na mayar da sarƙar zobe da jar waya, na liƙe wuraren ƙari da dalma, na ja kowace hula da hannu, guda biyu suka zame na sake su. Sabon abu ɗaya ya ɓullo: yau da na kunna, sandar dama ce ta zama ɗan wasa na ɗaya, ta hagu ta zama na biyu. Ko na sake taɓa wata waya ne?

Malamar Fasaha:
Wannan ba daga waya ba ne. Fanel ɗin biyu suna ɗaya da lamba ɗaya suke gabatar wa na'ura, don haka ba ta da abin bambance su sai wanda ta fara gani. Mai yiwuwa da ka zare su domin gwaji ka mayar da su a ramukan USB daban. Ka musanya su, ka kashe ka kunna sau uku ko huɗu ka gani ko sun zauna, sannan ka yi wa kowace waya da raminta alama. Idan suka ci gaba da musanya, a cikin saitin RetroArch, manhajar da ke gudanar da wasannin a RetroPie, akwai inda ake zaɓar na'urar da za ta zama ta ɗan wasa na ɗaya da ta na biyu. Tunda kuma sunansu ɗaya, saiti ɗaya suke amfani da shi, saboda haka dole jerin soket ya zama iri ɗaya a ɓangarorin biyu: idan madannin hagu na sama yana soket na farko a wannan fanel, ya kasance a soket na farko a wancan.

Mai Akwatin Wasa:
Haka ne, Malama, na musanya ramukan ban sani ba. Na mayar da su, na kunna sau biyar, kowa yana wurinsa. Da na duba jerin soket sai na ga na farawa da na kwabo a ɓangare na biyu sun saɓa da na ɗaya, na daidaita su, na rubuta lambar kowane soket da fensir a ƙarƙashin katakon kusa da madanninsa. Baba, Malama, ɗan'uwa ɗalibi da Malam mai shago, Allah ya saka muku da alheri. Gobe zan mayar wa maƙwabcina mitarsa, in shiga kasuwa in sayi tawa tare da abin matse hula, domin akwai huluna goma sha ɗaya da filaya ta matse waɗanda nake son in sake kafin in rufe bayan akwatin.